Rabin Kwalbar Nusaiba

Tun ina yarinya aka san ni da baki, kuma aikin asibiti bai rage mini shi ba. Don haka da Likita Hafiza ta zo Anka neman wadda za ta riƙa kai wa mutanen ƙauye sabon maganinta, kowa ni ya nuna. Aka ce, "Ga Rahina nan, ba ta tsoron babur, ba ta tsoron mai gari." Ban san ko yabo ne ko neman kai da ni ake yi ba, na dai karɓi aikin.

Likita Hafiza 'yar Gummi ce, doguwa mai ƙaramar murya, wadda ta yi shekaru a ƙasashen waje tana karatu. Da ta dawo ta kama aiki a wata jami'a, ta duƙufa a kan abu guda: gubar dalmar da ta zauna a jikin yaranmu. Duk wanda ya san Dareta da Tungar Daji da Yargalma ya san shekarar da aka yi ta haƙa ƙananan kaburbura, lokacin da maza ke kawo dutsen zinari gida, mata na daka shi a turmin hatsi, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Waɗanda suka mutu sun huta. Waɗanda suka tsira an ba su magani, an kwashe ƙasar gidajen an zuba sabuwa, duniya ta yi jimami ta juya ta kama wasu sabgogin. Amma a jikin wasu yaran dalmar ba ta tafi ko'ina ba. Ta bar jini ta shige ƙashi ta kwanta, tana tsiyayowa kaɗan-kaɗan, tana cin ƙoda da ƙwaƙwalwa har suka girma da ita.

Maganin Likita ruwa ne fari-fari a 'yar kwalba wadda ba ta fi ɗan yatsa ba. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko gashin kai gungume ne a kusa da su, su take kira nano. An yi musu riga yadda ba za su tsaya ko'ina ba sai a ƙashi, su kamo dalmar, su fito da ita ta fitsari. Ba a gama tabbatar da shi ba, gwaji ake yi, kuma duk wanda ya shiga an gaya masa haka. Abin da ya bambanta shi da duk maganin da na taɓa bayarwa shi ne, kowa da nasa. Zan ɗiga jinin yaro a wani ɗan faifai mai kama da layin waya, na'ura ta karanta ƙarfin ƙodarsa da yawan gubar da ke jikinsa, sannan a can jami'a a haɗa masa nasa daidai da jininsa. Kwalbar wani ba ta yi wa wani aiki.

Akwai kuma gargaɗin da Likita ta nanata mini har na haddace. Rabin kwalba ya fi babu muni. Ta ce kamar a sa muciya a dama lakar da ta kwanta a gindin randa ne, sannan a ƙi zubar da ruwan: rabi zai tayar da dalmar daga ƙashi, amma ba zai isa ya fitar da ita ba, sai ta bi jini ta hau kai. Wannan magana na faɗe ta a kowane zaure da kowane tsakar gida har maƙogwarona ya bushe. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Wanda ya yi wannan karin maganar bai zauna a Dareta ba.

A Dareta, gidan da na fi zama shi ne na wasu 'yan'uwa biyu masu haƙar zinari, Lirwanu da ƙanensa Mamuda. Matar Lirwanu ita ce Habsu, matar Mamuda Hajara, sai mahaifiyar mazan, tsohuwa Amariya, wadda kullum tana gindin bango a kan buzu tana jan carbi tana kallon kowa. Wadda ta shiga gwajin a gidan ita ce Nusaiba, budurwa a jiki, yarinya a hankali. Tana rarrafe aka yi waccan shekarar. Ta tsira, amma ta tashi da farfaɗiya, ga kumburin ƙafa, ga mantuwa. Sai dai akwai fara'a. In ta ga na sauka daga babur sai ta taho da gudu ta karɓe hular kwanona ta kifa a kanta tana zagaya gida, awaki na watsewa.

Ranar farko na tambaya, "Wace ta uwar Nusaiba cikinku?"

Hajara ta nuna Habsu da baki, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Habsu ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata ta, Malama. Ki bar waccan, kunya na kashe ta wata rana."

Nan na gane. Nusaiba 'yar fari ce ga Hajara. A wajenmu mace mai alkunya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ba ita ke fara tashi ba. Hajara kuwa, da yake uwarta Bafulatana ce, ta ɗauki abin ta kai shi ƙarshe. Duk garin Innar Naziru ake ce mata, da sunan ɗanta na biyu, kamar ba ta haifi kowa kafin shi ba. In za ta ambaci Nusaiba sai ta ce "wagga yarinya". Nusaiba kuma Habsu take kira Inna, uwar da ta haife ta Yaya take ce mata. A waccan shekarar ma Habsu ce ta goya ta a baya zuwa Anka, alhali ba a daɗe da binne 'ya'yanta uku ba. Bayan su ta daɗe ba ta sake haihuwa ba, sai can Allah ya ba ta Zuhura, 'yar ƙarama mai surutu, wadda a lokacin ba ta isa shiga makarantar allo ba. Ita kaɗai ce Habsu ke da ita a duniya.

Ni ina da ido. Duk ranar da zan huda yatsan Nusaiba, ina hango Hajara a bayan zana tana leƙe, in allurar ta shiga ita ke runtse ido. Ina ganin yadda take ajiye curin fura mafi girma kusa da yarinyar ta wuce, kamar mantawa ta yi. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi. Wace irin ɗabi'a ce wannan da uwa za ta riƙa satar son 'yarta kamar mai satar kaza?

Da fari abin ya yi kyau har na fara jin tsoro, don ban saba ganin abu ya yi kyau a wannan yankin ba. Kullum da hantsi Uba mai babur yana kai ni, in buɗe kwalba, Nusaiba ta shanye a gabana, in leƙa bakinta. Faɗuwar ta ragu. Ƙafafun suka saɓe har ta iya sa silifas. Wata rana ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malama Rahina, jiya kin mance biro ɗinki," ta miƙo mini. Yarinyar da a da ba ta tuna ko ta ci tuwo. Na kira Likita a waya na gaya mata, na ji tana jan hanci.

Hajara ma ta fara sakin jiki. Ta daina ɓuya a bayan zana. Har takan raka ni bakin hanya ta ce, "Malama, wagga yarinya jininta na kyau?" ba tare da ta dube ni ba. Matan unguwa kuwa ba su bar ta ba. A bakin rijiya ake ce mata, "Innar Naziru an waye, an zama baturiya, yanzu ɗiyar hwari aka so a hili." Wasa ne, ana yi ana dariya. Amma na ga yadda take haɗiye dariyar kamar tana haɗiye ƙaya.

Da damina ta yi tsaka, 'yan bindiga suka zauna a kan hanyar. Wata safiya da ba na kan babur ɗin suka harbe Uba, suka tafi da mashin. Aka ce kada wani ma'aikaci ya sake fita daga Anka. Likita ta kwana biyu tana jayayya da manyanta a waya, domin tsayar da maganin a tsakiya ma haɗari ne. A ƙarshe aka yanke cewa a kai wa kowane gida sauran kwalabensa, uwaye su ci gaba da bayarwa. Ban ga laifin wannan shawarar ba a lokacin, kuma har yau ban san wata da ta fi ta ba.

Na bi motar 'yan kasuwa, na lulluɓe cikin mata, kwalaben a ƙasan kwandon kuɓewa. A gidan na miƙa wa Habsu, tunda ita ce uwa a idon jama'a. Ta ce, "Ba Hajara, Malama. Zuhura ba ta jin daɗi kwanan nan, hankalina ba shi wuri guda." Hajara ta karɓa da hannu biyu. Na sake maimaita gargaɗin a gaban kowa, har tsohuwa.

"Kwalba guda kullum, ta shanye duka. Ba a ragewa, ba a ba kowa. Ko wa ya kwanta ciwo gidan ga, wanga ba nashi na ba. Kun jiya?"

Suka ce sun ji. Hajara ta tona rami a ƙasa mai sanyi kusa da randa ta jera su ta rufe da faifai. Bayan kwana kaɗan aka ɗauke sabis ɗin waya a duk yankin. Sauran labarin daga baya na ji shi, wani daga bakin Habsu, wani daga Hajara.

Da dajin da suke fasa dutse a ciki ya gagari zama, Lirwanu ya koma kwaso dutsen zinari yana kawowa gida, yana fasa shi a bayan ɗaki. Ya san abin da dutsen ya yi masa a baya, shi ya binne uku da hannunsa. Amma gonar ba ta nomuwa saboda masu bindiga, kuma ciki bai san tarihi ba. Na zage shi a zuciyata har na gaji, ban kuma samo abin da zai ci in ya bari ba. Rashin jin daɗin Zuhura ya zama amai, amai ya zama jijjiga, idanu na kafewa. Duk wanda ke gidan ya san ciwon, sun taɓa ganinsa. A Anka akwai maganin yara na irin wannan, tsohon magani da aka daɗe ana bayarwa. Amma babu hanyar Anka.

Habsu ba ta roƙi maganin Nusaiba ba. Wannan ta rantse mini, Hajara ma ta shaida. Zama kawai ta yi a tsakar gida da yarinyar a cinya tana shafa mata ruwan rubutu. Kowace safiya kuma Hajara za ta ɗaga faifai ta ɗauko kwalba, ta ratsa tsakar gidan nan, ta wuce matar da ta goya mata 'ya a baya, ta je ta ba 'yar farinta magani. Maƙwabta masu zuwa dubiya suna zaune suna kallo. Sai su bi ta da ido har ta koma ɗaki.

Tsohuwa Amariya ce ta fara magana. Ba ma da Hajara take magana ba, da carbinta take yi. Ta ce, "Ikon Allah. Ciwo guda, gida guda, magani ɗaki guda. Mu dai da munka tashi, ko goro anka samu sai an hwasa. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai za shi mutuwa."

Hajara ta daure ranar, ta daure washegari. Da a ce maganin na Naziru ne, ina jin da ta iya toshe kunne, a ce mata marowaciya a wuce wurin. Amma na 'yar fari ne. Duk tarbiyyar da aka yi mata tun tana amarya ita ce, wannan yarinyar ita ce ta ƙarshe da za ki nuna kin damu da ita. A safiyar da Zuhura ta sanƙare har aka fara salati, Hajara ta ɗauko kwalba da cokali ta durƙusa gaban Habsu.

Habsu ta riƙe mata hannu. "Malama tac ce kar a raba."

"Malama ba ta nan," in ji Hajara. "Wagga ta sha da dama, kuma babba ta, jikinta na ɗauka. Buɗe mata baki."

Nusaiba tana tsaye tana jiran nata. Da ta ga abin da ake yi sai murna ta kama ta, ta tsuguna tana tura cokalin tana cewa, "A ba Zuhura, a ba Zuhura." Daga ranar kullum rabi-rabi ake yi. Maƙwabta suka sa wa Hajara albarka. Tsohuwa ta ce yanzu ta san ɗanta ya auro 'yar mutunci.

Sai bayan an fara yankan gero aka yi irin sulhun da ake yi da 'yan bindiga, hanya ta buɗe. Ina bakin asibiti da rana tsaka wata motar itace ta tsaya, aka sauko da su. Habsu na rungume da Zuhura, ta rame kamar tsinke amma tana numfashi tana kuka. Nusaiba kuwa a tabarma aka ɗauko ta, mutum huɗu. Fuskarta ta kumbura har idanun sun shige, ba ta san inda take ba. Na kira sunanta, na kira, ko gezau.

Na ɗiga jininta a faifan gwaji. Abin da na'urar ta nuna ya sa na ɗauka ta lalace, na sake da sabon faifai. Dalmar da ke jininta ta fi ta ranar da muka fara. Likita Hafiza ta baro jami'a ta iso kafin la'asar, ta duba, ta sa aka ɗebi jinin Zuhura ma. Da ta ga alamar ƙwayoyinta a jikin yarinyar da ba a taɓa haɗa wa magani ba, ta zauna a kan benci. Ta ce a kira mata wadda ke ba da maganin.

Hajara ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa. Likita ta tambaye ta a hankali, ita kuma ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗa tiryan-tiryan, kamar mai ba da labarin yadda ta raba tuwo.

Zuciya ta kawo mini wuya. Na manta ina gaban Likita, na manta Hajara ta girme ni.

"Yaya Hajara, sau nawa nih hwaɗa maki? Gaban kowa nih hwaɗi! Nic ce rabi ya hi babu muni, ko ban ce ba?"

"Kin ce, Malama."

"To mi ya kai ki? Ɗiyarki ta! Ke kika haihe ta, ba Habsu ba, ba tsohuwa ba, ba matan bakin rijiya ba! Ta hwara tashi, kin gani da idonki!"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na san ta. Ta ce, "Malama, ke da kina gidan, kina iya ratsa Habsu da kwalba a hannu?"

 Ni ma a irin wannan gidan na tashi. Na fita waje na tsaya bayan ɗakin gwaji na yi kuka na haushi, ban san ma wa nake jin haushi ba, ko ita, ko tsohuwa, ko masu bindiga, ko zinarin da bai taɓa sa wa kowa a Dareta rufin kwano mai kyau ba.

Aka sa Zuhura a kan tsohon maganin yara. Cikin ɗan lokaci ta fara zama, ta fara neman ƙosai. Na tambayi Likita ko rabin da aka riƙa ba ta ne ya riƙe ta har ta iso. Ta girgiza kai. Ta ce an gina ƙwayoyin ne don ƙashin babba da jinin Nusaiba, gubar Zuhura kuwa sabuwa ce, tana cikin jini, ba ta kai ƙashi ba. Sun shiga sun fita, ba su ɗauki komai ba. Da ruwan randa aka ba ta, duk ɗaya ne. Kwananta ne kawai ke gaba. Na roƙe ta kada wannan magana ta kai kunnen Hajara, ta ce to.

Nusaiba kuwa ƙodarta ta tsaya. Likita ta yi duk abin da ake yi, ta nemi motar da za ta kai ta babban asibiti a birni, amma jikin bai ɗauki tafiya ba. Habsu ce ke zaune a gefen gadon dare da rana, tana tsakanin gadon 'yarta da wannan. Hajara tana baranda. Ita ke wanke kwanoni, ita ke ɗebo ruwa, ita ke zuwa sayen koko. In ta kawo sai ta miƙa daga bakin ƙofa ta ɗan tsaya, ta kalli ƙafafun da ke leƙowa daga mayafi, ta juya.

Wata ranar Talata da hantsi Nusaiba ta cika. Habsu ta kurma ihu ta faɗi, mata suka riƙe ta. Hajara tana bakin famfo da kwano a hannu. Na ga ta tsaya cak, ruwa na zuba yana cika kwanon yana malala a ƙafarta. Sannan ta ƙarasa wanke shi, ta kife, ta ɗauki na gaba.

Saboda an yi mutuwa a cikin gwaji, manyan jami'a suka dakatar da komai sai an yi bincike. Haka dokar take, kuma doka ce mai kyau, na sani. Amma ni ce na bi gidaje a Tungar Daji da Yargalma ina karɓe sauran kwalabe daga hannun uwayen da 'ya'yansu suka fara warkewa. Wata ta riƙe mini zani tana roƙo. Likita Hafiza ta koma Gummi wajen mahaifiyarta ta kwanta ciwo, har yau in na kira ta ba ma daɗewa a waya.

Ranar addu'ar bakwai na je Dareta. Gidan cike da mata, an dafa gumba ana rabawa. Zuhura na ta guje-guje tsakanin tabarmi da ƙullin gyaɗa a hannu. Habsu ake yi wa gaisuwa, ita ce ta yi rashi. Hajara kuwa yabo ake yi mata. Duk wadda ta shigo sai ta nuna Zuhura ta ce, "Ga aikin Innar Naziru nan yana tahiya da ƙahwa." Wata ta ce ko hawaye ba a gani a idonta ba. Wata ta ce irin waɗannan matan sun ƙare, sai dai a ba 'yan baya labari. Hajara na zagayawa da buta da kwanon sha, tana cewa, "Allah shi ba da lada." Na zauna na dafe bakina da mayafi, don na san in na buɗe shi ba za a ji da daɗi ba.

Da na tashi tafiya ta ce in zo ta ba ni gyaɗa in kai wa yara. Ta ja ni bayan ɗaki, wajen turken awaki, inda ba kowa. Ta daɗe tana ƙulla gyaɗar a leda, tana kwancewa tana sake ƙullawa. Na zaci za ta tambaye ni ko da an sha duka da an tashi. Na ma shirya amsar da zan ba ta. Ashe ko a nan, daga ni sai ita sai awaki, bakinta ba zai iya tambaya a kan tata ba.

Ta ce, "Malama, don Allah in tambaye ki. Rabin da nib ba Zuhura, shi ya riƙe ta?"

Ni da aka sani da baki, ni da ban taɓa tauna wa kowa magana ba, na dubi matar nan na ce, "Shi na, Yaya. Ba don shi ba da ba ta kai Anka ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙo mini ledar.

"Na tambayi Likita tun muna asibiti," in ji ta. "Na haɗa ta da Allah, ta hwaɗa mani gaskiya. So nike dai in ji ko akwai mai hwaɗa mani daban. Na gode, Malama."

Daga tsakar gida wata ta ɗaga murya, "Ina Innar Naziru? Ga mutanen Bukkuyum sun iso, suna son su ga matar da anka ba su labari."

Hajara ta goge fuskarta da bakin zani, ta gyara ɗaurin kallabi, ta amsa, "Gani nan tahe."